Yadda muka haɗa kyamara da kayan sauti don gajeren fim ɗinmu na makaranta a Bauchi

Wannan bayani na 'yan ajin da ke bayanmu ne, da duk wani ɗalibi a Bauchi da aka ɗora wa aikin gajeren fim. A aji an koya mana rubuta labari da tsara fitowa, amma inda ake samo kayan aiki, da takardun da ake nema, da abin da ake dubawa kafin a sa hannu a karɓa, duk sai da muka shiga ciki muka gani. Fim ɗinmu na minti goma ne, kuma a wurare uku yake gudana: ɗaki, tsakar gida, da wani layi da ke kusa da kasuwa. Zan bi matakan yadda suka zo mana. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne kyamara ba ta da wuyar samu a garin nan, kayan sauti ne ke da wuya, kuma su ne ke tayar da fim ko su kayar da shi.

Mun fara da malamin da ke duba aikinmu. Da muka kai masa wasiƙar neman kaya, bai ko buɗe ta ba, ya ce, "Ina jerin fitowarku?" Abin da yake nufi shi ne a ɗauki labarin a farfasa shi, kowace fitowa a rubuta a gabanta: ciki ne ko waje, rana ce ko dare, mutum nawa ne ke magana, a zaune suke ko suna tafiya. Muka ce, "Malam, ai kayan muke so mu fara kamawa kafin wasu su riga mu." Ya ce wanda bai san abin da zai ɗauka ba bai san abin da zai aro ba. A lokacin mun ji zafin jinkirin, amma takardar nan ita ta rage mana kashe kuɗi. Da muka jera, sai ga shi fitowar dare guda ɗaya ce tak, saboda haka fitila biyu sun ishe mu. Babu inda kyamara ke bin mutum a guje, don haka ba ma bukatar na'urar daidaita girgiza da kowa ke sha'awa. Amma kusan kowace fitowa akwai magana, uku daga ciki kuma a waje ne inda iska take.

Daga nan sai sashenmu na makaranta. Wasiƙar ana rubuta ta ne zuwa ga shugaban sashe, ta hannun malamin da ke duba aikin. A cikinta a sa sunayen 'yan ƙungiya da lambobin rajistarsu, da sunan fim, da ranakun da ake son kayan, da unguwannin da za a kai su, da jerin kayan ɗaya bayan ɗaya. A yi kwafi biyu, sakatare ya buga hatimi a ɗaya ku riƙe. Ba mu biya ko kwabo a nan ba, sai dai jira, domin sa hannun shugaban sashe ya danganta da samunsa a ofis, lokacin kuma na tarurruka ne. Abin da ya fi sa hannun muhimmanci shi ne littafin layi da ke wurin ma'aikacin situdiyo. Ƙungiyoyi da yawa ne ke jiran kyamara ɗaya, kuma wanda ya fara rubuta rana shi ke da ita. Ku je ku gaishe shi tun ranar da kuka miƙa wasiƙa, ku roƙi ya sa muku rana da fensir kafin takarda ta sauko. Abin da muka samu a sito shi ne kyamara Canon 600D da lens ɗinta na 18-55, da ƙafar kyamara, da batir ɗaya, da caja. Rikodar sauti kuwa babu.

Kada kowa ya raina wannan kyamara, amma a san halinta. Tana ɗaukar 1080p, wanda ya wadatar da fim ɗin makaranta. Idan fayil ya kai 4GB, wato bayan minti 11 zuwa 12 na ɗauka a jere, takan tsaya da kanta. Kowane minti yana cin kimanin 330MB, saboda haka katin 32GB zai ba ku wajen awa ɗaya da rabi. Batirinta LP-E8 ne, sabonsa ma ba ya kai awa biyu a bidiyo, balle wanda ya sha hannun ɗalibai. Babban abin lura shi ne ba ta da ramin abin sauraro na kunne. Ko kun jona mata makirufo, ba za ku ji abin da ke shiga ba sai an gama. Wannan kaɗai ya isa dalilin ɗaukar sauti a rikoda daban.

Sai muka shiga gari neman cikon kaya. A Bauchi yawancin masu kyamarori na haya masu ɗaukar biki ne, kuma za ku same su a shagunan hoto na wajen Wunti da kan hanyar Yelwa. Aikinsu daga Juma'a zuwa Lahadi yake, don haka wanda ya nemi kaya a ƙarshen mako ko dai ya rasa ko ya biya da tsada. Mu Litinin zuwa Laraba muka ɗauka, farashin kuma ya sauko. Bayan Sallah da ƙarshen shekara, lokacin da bukukuwa ke yawa, abin ya fi haka matsi. Sharuɗɗan da muka tarar kusan iri ɗaya ne a ko'ina: katin shaidar ɗalibi, kwafin takardar NIN, wani babba da mai shagon ya sani ko zai iya samu ya tsaya muku, da kuɗin ajiya da za a mayar idan kaya sun dawo lafiya. A wurinmu kuɗin ajiyar ya yi daidai da hayar kwana ɗaya. Wani mai shago ya ce shi ba ya ba da kaya sai da yaronsa, mu biya yaron kuɗin yini da abinci. Wannan ba laifi ba ne idan kayan masu tsada ne, domin alhakin lalacewa ya ragu a kanku, sai dai a sa shi cikin lissafi. Ku tambaya a fili yadda ake ƙirga kwana: awa 24 daga lokacin karɓa, ko kuwa daga safe zuwa magariba. Rashin yin wannan tambaya ne ke kawo rigima ranar mayarwa.

Mai shagon da muka daidaita da shi ya so mu ɗauki wata kyamarar Sony mai 4K, wato hoton da ya fi 1080p girma da nauyi. Ya ce, "Ƙanena, wannan ita ake yayi yanzu." Na ce, "Oga, laftof ɗin da za mu tace fim da ita ba za ta ja 4K ba, kuma kuɗin muna so mu kai wajen sauti." Abin da muka karɓa a wurinsa shi ne lens na 50mm f/1.8, da ƙarin batir biyu, da fitilun LED biyu masu aiki da batirin NP-F, da faifan mayar da haske, da filtar ND, wato gilashi mai duhu da ke rage hasken da ke shiga lens. Game da lens ɗin 50mm, yana ba da hoto mai kyau a ƙaramin haske kuma yana narkar da bayan mutum, amma a kan 600D yana matso da abu kamar 80mm, saboda ana ninka shi da 1.6. A ƙaramin ɗakin haya irin na unguwar Gwallameji ba za ku sami wurin ja da baya ku haɗa mutum biyu a hoto ɗaya da shi ba. Na fuska ne, faɗin ɗaki kuwa sai 18-55. A kuma duba bakin lens kafin a karɓi filta: na 18-55 faɗinsa 58mm ne, na 50mm kuwa 49 ko 52 ne, ya danganta da samfurinsa. Filta ɗaya mai 58 da zoben haɗi sun isa duka biyun.

Neman kayan sauti shi ya fi cin lokaci da takalmi. Duk shagon da muka shiga, ko dai a miƙo mana ƙaramin makirufon da ake ɗorawa a kan kyamara, ko na hannu marar waya irin na sanƙiran biki. Na kan kyamara yana inda kyamara take, mita uku ko huɗu daga bakin mai magana, don haka amon ɗaki da kukan kaji yake kwasowa fiye da murya. A situdiyon waƙa kuma an nuna mana babban makirufon da mawaƙa ke tsayawa a gabansa, wanda bai dace da ɗorawa a kan sanda ba, iska kaɗan ma ta ishe shi. Abin da fim ke bukata shi ne dogon makirufo mai kama sautin gabansa, da sandar bum da ake ɗaga shi da ita, da wayar XLR da ke haɗa makirufo da rikoda, mai tsawon aƙalla mita biyar, da rikoda mai ramin XLR, da abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya, da rigar gashin nan da ake sa wa makirufo saboda iska. Soso kaɗai ba ya tare iskar waje. A ƙarshe wani mai shirya wa gidajen rediyo shirye-shirye ne ya ba mu hayar rikoda Zoom H4n da dogon makirufo Rode NTG2 da sanda. Da ba mu dace da shi ba, shirinmu shi ne mu nufi Jos, tafiyar wajen awa biyu a mota, inda Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take kuma masu irin waɗannan kaya suka fi yawa. Wanda zai yi haka ya ƙara kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu, da kwanan hanya da za a caje shi.

Ranar karɓa, kada ku bari a zuba muku kaya a jaka a ce "komai lafiya". Ku zauna a gaban mai kayan ku gwada kowane abu, ko da zai nuna gajiya. Mun rubuta lambar jikin kowace na'ura a takardar yarjejeniya, muka ɗauki hoton duk wani ƙarce da tsagewa da waya. Mun haska lens da tocila don ganin ƙura ko hazo a ciki. Mun rufe lens zuwa f/22, wato muka tsuke ƙofar haskensa sosai, muka ɗauki farin bango, domin a nan ne dattin da ke kan idon kyamara na ciki yake fitowa ɗigo-ɗigo. Mun tabbatar farantin da ke ɗaure kyamara a kan ƙafa yana nan da sukurunsa, domin in babu shi ƙafar ba ta da amfani. Mun bar kyamara tana ɗauka har ta tsaya da kanta, don mu ga ko katin yana jurewa. A wajen sauti, na sa abin sauraro, wani yana magana, ni kuma ina murɗa wayar XLR daga wannan kai zuwa wancan. A kusa da kai ɗaya sai ƙarar tsartsatsi ta fito. Mai kayan ya canza mana wata nan take ba tare da musu ba, abin da da a lokeshan aka gano shi, da sai a ce mu muka lalata. Sai da aka gama wannan duka muka sa hannu, shi da mu da wanda ya tsaya mana, kowa ya riƙe kwafi.

A daren muka saita komai. Wutar Najeriya 50Hz ce, saboda haka a shiga menu a sa tsarin bidiyo a PAL, a zaɓi hoto 25 a daƙiƙa, a sa shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, a 1/50. Wanda ya bar ta a 30 da 1/60 zai ga baƙaƙen layuka suna yawo a hoto duk inda akwai ƙwan lantarki. Janareta kuwa ba ya tsayawa daidai a kan 50, musamman idan an yi masa lodi, shi ya sa muka kashe ƙwayayen ɗakin muka dogara da fitilun batir. Komai na kyamara a mayar da shi na hannu: fokas, ISO (ƙarfin kama haske), da daidaita fari (don launuka su fito daidai). 600D ba ta da wurin rubuta lambar zafin haske, don haka a ɗauki hoton farar takarda a cikin hasken wurin a saita da shi, a sake duk lokacin da aka canza wuri. Rikoda kuma a sa ta a WAV, 48kHz, 24-bit, kada a yi MP3. H4n ba ta karɓar katin da ya wuce 32GB, kuma tana jinkirin tashi idan an kunna ta, don haka a kunna ta tun kafin darakta ya shirya. Batir AA biyu take ci, kuma idan ita ke ba makirufo wutar 48V nan da nan take shanye su. NTG2 yana da wurin batir AA ɗaya a jikinsa. Muka sa masa nasa, muka kashe 48V, rikodar ta daɗe. Makirufon cikin kyamara a bar shi a kunne, domin da sautinsa za a daidaita na rikoda wajen tacewa.

Akwai matakin da ba na kaya ba ne amma kayan ba sa aiki sai da shi. Mun je wurin mai unguwa da kwafin wasiƙar makaranta, wani dattijon gidan da za mu yi aiki ya raka mu. Muka gaishe shi, muka ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, aikin makaranta ne ya kawo mu layinka." Ya tambayi abin da labarin ya ƙunsa, muka faɗa masa, ya haɗa mu da wani matashi da zai riƙa kora mana yara. Wannan ziyara ce ta ba mu fuskar roƙon mai injin markaɗe na maƙwabta ya faɗa mana lokutan da yake tayar da inji, da mai shagon cajin waya ya kashe janareta na ɗan lokaci idan mun ɗaga masa hannu. Mun ba shi ɗan abin da zai rage asara. Jadawalin ma an gina shi ne a kan lokutan salla: ana kiran Azahar ko La'asar an tsaya, an yi salla, an ci abinci, an canza batir.

Ranar farko ɗaki muka yi. An kashe fanka da firji, kowa ya sa wayarsa a yanayin jirgi, domin waya kusa da rikoda tana sa wata ƙara mai kama da kukan gyare. Ɗakin siminti ne da rufin kwano, murya tana dukan bango tana dawowa. Muka shimfiɗa darduma a ƙasa, muka rataya barguna a bangon da ba ya fitowa a hoto, amon ya ragu ƙwarai. Mai riƙe sanda yana ɗaga makirufo sama da kan mai magana, ɗan gaba kaɗan, bakinsa yana kallon bakin mutum, tazarar ba ta wuce kamu biyu ba. Hanyar samun wurin ita ce ya sauko da shi har mai kyamara ya ce ya shigo hoto, sannan ya ɗaga kaɗan. Idan mutum biyu ke magana, yana juya sandar a hankali zuwa ga mai magana, don haka dole ya haddace layukan kamar ɗan wasa. Wayar a naɗe ta a jikin sanda don kada ta riƙa bugawa. Ma'aunin rikoda ya riƙa kaiwa wajen -12 idan an ɗaga murya. In ya taɓa 0 sautin ya fashe, kuma gyara shi yana da wuya ƙwarai. NTG2 da H4n idan aka haɗa su sautin yana da ɗan rauni, in aka ƙure ƙarfin rikoda kuma sai huci ya shigo, don haka maganin shi ne matso da makirufo. Kafin kowace ɗauka, ana tayar da rikoda, a tayar da kyamara, wani ya faɗi lambar fitowa da ta ɗauka, ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Kafin a bar ɗakin kuma kowa ya yi tsit na minti ɗaya aka ɗauki shirun wurin, wanda da shi mai tacewa ke cike giɓin da ke tsakanin maganganu. Zafi ya dame mu sosai da fanka a kashe, 'yan wasa suna ta share gumi, har wasu suka fara ƙorafi. Da na miƙa wa darakta abin sauraro ya ji muryar tsaf, shi da kansa ya ce a ci gaba a haka.

Waje ya fi wuya. Da rana tsaka, ISO 100 da shota 1/50 suna tilasta rufe lens har wajen f/22, komai ya fito da kaifi ɗaya, fuska ta yi baƙi a ƙarƙashin hula. Filtar ND ce ta ba mu damar buɗewa zuwa f/4, faifan haske kuma ya cike inuwar fuska. Mun fi samun hoto mai kyau da sassafe da kuma bayan La'asar, amma hasken yamma gajere ne, yana fara ja sai ya tafi. Lokacin hunturu ne, ƙura ko'ina, don haka ba a canza lens sai a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ana hure ƙura da 'yar robar hura iska, ba a goge gilashi da bakin riga. A layin kasuwa, acaɓa da Keke Napep sun fi ƙarfin dogon makirufo. A nan muka koma ga ƙaramin makirufon maƙalawa, Boya BY-M1, wanda muka saya da kuɗinmu, aka jona shi da waya a aljihun ɗan wasa. Idan za a jona shi da waya, maɓallinsa a bar shi a kashe. Idan da kyamara ko rikoda ne, a kunna, kuma yana bukatar batir LR44. Ga 'yar wasa mai hijabi, wata 'yar ƙungiyarmu ce ta maƙala mata shi daga ciki da filasta, ta manne yadin a gefensa don kada ya riƙa gogawa. Bayan kowace fitowar waje, mun ja 'yan wasan zuwa wani zaure mai shiru suka maimaita layukansu da irin saurin da suka faɗe su, aka ɗauki sautin kaɗai. Biyu daga cikin waɗannan su suka ceci fitowar kasuwa.

Kowane dare ana kwashe katunan a laftof da kuma ma'ajiya ta biyu, a buɗe wasu fayiloli a tabbatar suna tashi, sannan a goge kati daga cikin kyamara. Caji kuwa, tun da ba a dogara da wuta, mun yi ciniki da mai shagon cajin nan, wani daga cikinmu ya zauna a wurin har batiran suka cika. Ranar mayarwa mun goge kayan, muka bi takardar yarjejeniya layi-layi a gaban masu su, murfin lens da farantin ƙafa da igiyoyin caja duka, aka ba mu kuɗin ajiyarmu cif. Na makaranta kuma ma'aikacin situdiyo ya sa hannu a littafi cewa sun dawo, wanda ba a karɓar fim ɗin ƙungiya sai da shi. Wajen tacewa, DaVinci Resolve na kyauta ya haɗa sautin rikoda da hoto da kansa ta hanyar kwatanta shi da na kyamara, inda ya kasa kuma tafin nan ya nuna wurin.

Idan aka raba kuɗin da muka tara kashi goma, uku sun tafi hayar kayan sauti, uku lens da fitilu da batira, biyu abinci da sufuri, ɗaya ƙananan sayayya, ɗaya kuma muka ajiye don abin da ba a zata ba, kuma an taɓa shi. Ga wanda zai bi bayanmu, ya kama kayan sauti kafin ya tsayar da ranar ɗauka, domin kyamara ana samun madadinta a shago na gaba, rikoda da sanda kuwa ƙila mutum ɗaya ko biyu ne za ku samu da su. A ware mutum biyu ga sauti, mai sanda da mai sauraro, kuma a ba mai sauraro ikon cewa a sake ɗauka ko da darakta ya gamsu da hoto. Kati da batiran AA da filasta da abin sauraro ku sayi naku, kada ku dogara da na haya. Katin ya zama Class 10, a saya a shagon da zai yarda ku gwada shi, domin na jabu sun yi yawa, kuma alamarsu ita ce kyamara ta tsayar da ɗauka bayan 'yan daƙiƙu. Ƙungiyar da kuɗinta bai kai hayar rikoda ba ta sayi makirufon maƙalawa guda biyu, ta jona kowanne da waya daban, ta saukar da manhajar da ke ɗaukar WAV a 48kHz, ta kuma gwada su a ainihin ɗakin da za a yi aikin kwana ɗaya kafin 'yan wasa su zo.